Tumatirin Donna Brigida

Duk wanda ya ce maka ni Aniello ban iya ɗaukar kaya ba, ka tambaye shi ko ya taɓa ganin na gwada. Ni mutum ne da Allah ya zuba wa ƙarfinsa a ka, bai ɓata shi a kafaɗa ba. Makaranta ma ba korata aka yi ba, kamar yadda 'yan baƙin ciki ke yaɗawa a kasuwar Pignasecca. Lura na yi malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani, sai na bar musu kujerar su ba mai bukata.

Abin da ya haɗa ni da kaya kuwa Fortuna ce. Na daɗe ina hawa matakalar Pedamentina saboda ita, har takalmina ya san kowane dutse da sunansa, amma ban taɓa wuce bakin ƙofar gidansu ba. Uwarta, Donna Brigida, takan tsaya a ƙofar kamar an dasa ta, hannu a ƙugu, ta dube ni tun daga gashi har takalmi ta ce, "Ka ci abinci?" In na ce a'a, sai ta ce, "To je ka ci."

Wata Lahadi a ƙarshen Agusta na tarar da ita tana wanke kwalabe tana mita. Lokacin dafa tumatirin shekara ya zo. Marigayi mijinta ne mai hawo da akwatunan daga kasuwa, ɗanta kuma ya tafi Jamus ya auri wata da ke sayen miya a gwangwani. Gidan a tsakiyar matakala yake. Mota ba ta zuwa, babur ba ya zuwa, jaki ma in da hankalinsa ba zai zo ba.

Na gyara wuyan riga na ce, "Donna Brigida, wannan ne ya hana ki sukuni? Ni zan hawo da su."

"Kai?"

"Ni kaɗai. Kafin rana ta yi zafi."

Fortuna tana bayan uwarta tana girgiza min kai da ƙarfi. Na ɗauka burge ta na yi.

Tsohuwar ta ajiye kwalbar hannunta, ta share hannu, ta ce, "To ji nan, ɗan nan. Gobe da safe suna wurin Don Catello. In tumatirina ya iso gidan nan lafiya, babu wanda ya fashe, babu wanda ya yi tabo, za ka zauna a teburina mu yi maganar Fortuna. In bai iso ba, ka nemi wata matakalar da wata yarinyar."

"Ki sa tukunya a wuta kawai," in ji ni.

Da safe na iske Don Catello mai tumatir ya jere akwatunan katako har sun fi ni tsawo. Ya leƙa bayana, ya leƙa titi.

"Ina masu ɗauka?"

"Ga shi a gabanka."

Ya yi dariya har sai da ya dafa sikeli. Ban kula shi ba. Na tofa yawu a hannu, na sunkuya, na kama na sama. Wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayana, na ga taurari da safiyar Allah. Akwatin dai ya tashi, daidai yadda za a iya zura takarda a ƙarƙashinsa.

"Nauyin nake gwadawa," na ce masa, "kada ka je ka cuci tsohuwa."

"Ka gwada. Yaya ka ji?"

"Ya cika. Bari in sha gahawa in dawo."

A shagon gahawar na gan su. Mata shida sun cika wurin, ba don yawa ba, don faɗi. Kowace damtsenta ya kai cinyata, wuya kuwa sai ka nema tsakanin kunne da kafaɗa. Sun kewaye waya ɗaya suna ta jan tsaki da wani yare mai yawan sh-sh. Babbarsu, wata mai furfura da gajeren aski, ta juyo ta tambayi mai shago da Italiyanci irin na mutanen arewa, ko akwai wurin ɗaga ƙarfe da ke buɗe. Mai shago ya ɗaga kafaɗa. A Napoli, a watan Agusta? Kowa ya ja ƙofarsa ya tafi teku.

Na matsa da kofina. Sunanta Bozena, daga Poland suke, ƙungiyar mata masu ɗaga ƙarfe, sun zo ɗan hutu su ga gari. Ta taɓa aikin kula da wani tsoho a Torino, can ta koyi harshen.

"Mun ga majami'u har wuyanmu ya ƙage," in ji ta. "Amma tun da muka sauka ba mu taɓa ƙarfe ba. Jiya Halina gadon otal ta dinga ɗagawa, har aka turo mana manaja."

Na dubi Halina. Ta fi su duka girma, tana cin burodi kamar tana jin tausayinsa. Nan take kaina ya yi aikin da aka halicce shi dominsa.

"Baiwar Allah, sa'arku ta kai. Ni jagoran baƙi ne, kuma mai horar da 'yan wasa. Ƙarfe? Ƙarfe ai na malalata ne. Ba ku taɓa jin Hawan Jajaye ba?"

Ba ta taɓa ji ba. Ni ma a lokacin na fara ji. Na bayyana mata cewa tun zamanin sarakuna, da Turkawa suka kewaye ganuwar da ke kan dutse, matan Napoli ne suka dinga hawa da tumatir suna ciyar da sojoji. Tun daga nan duk shekara jarumai mata ke hawa da akwatuna don tunawa. Ga motsa jiki, ga ganin gari, a tafiya ɗaya. Yau ce ranar, kuma saura gurbi shida cif.

Ta fassara musu. Idanunsu suka kawo haske kamar an ce wa yara za a je teku.

Da muka isa rumfar, Don Catello ya ja ni gefe.

"Aniello, su waye waɗannan?"

"Ɗalibaina."

"Ka ji tsoron Allah."

"Ina ji. Shi ya sa ban ɗauka da kaina ba."

Suka buɗe jaka, suka fito da faffaɗan bel suka ɗaure ciki, suka shafa alli a hannu har ƙura ta tashi. Wata mai kitso ɗaya, Jadwiga, ta ɗaga akwati guda, ta yamutsa fuska ta ce wani abu. Bozena ta ce wai ya yi sauƙi, ko za a ba su biyu-biyu? Na ce a gaskiya al'ada ba ta cika son haka ba, amma tunda baƙi ne zan rufe ido. Kafin in gama magana wurin ya zama fili. Don Catello ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Kai ina naka?" in ji Bozena.

"Jagora ba ya ɗauka. Hannunsa na nuni ne." Na zari lemar Don Catello na ɗaga sama yadda jagororin gaske ke yi. Don kada su ɓata min lokaci da hutu kuma na ƙara da cewa, "Doka ɗaya ce. Kaya ba ya taɓa ƙasa sai na ce an gama. Wadda ta ajiye ta ci mutuncin matan da suka rigaye mu."

Bozena ta gyaɗa kai da girmamawa. Muka kama hanya.

Farkon tafiya kam ko sarki sai haka. Ina gaba da lema, ina zuba tarihi hagu da dama. Na nuna musu tagar da wata gimbiya ta faɗo saboda soyayya, na nuna famfon da Fafaroma uku suka sha ruwa a rana ɗaya. Da muka fara hawa na bugi wani bango da lemar na ce Romawa ne suka gina shi da farin ƙwai. Wani mai singileti da ke zaune a gindin bangon ya ɗago kai.

"Ni na gina shi bara, ɗan banza."

Da yaren unguwa ya faɗa, wanda ba a koyar da shi a Torino.

"Me ya ce?" in ji Bozena.

"Addu'a ce. Ana yi wa masu hawa."

Ta yi masa godiya, sauran ma suka duƙar da kai. Mutumin ya bi mu da kallo baki buɗe.

Matsala ta fara ne a fili na farko, inda matakala ke ɗan hutawa. Na juya in nuna musu teku, sai na ga sun jeru, akwatuna a kafaɗa, suna tsugunnawa suna miƙewa, suna ƙirga da yarensu. Duk tsugunno ɗaya ina jin tumatir na gaisawa da juna a ciki.

"Me kuke yi haka?"

"Hawa kaɗai ba ya kama cinya sosai," in ji Bozena, ba ta ko haki. "Ai ba su taɓa ƙasa ba."

"Ba su taɓa ba, amma a hankali. Kayan tarihi ne."

Wani jan ruwa ya ɗigo a kafaɗar Jadwiga. Ta dube ni. Na ce mata alamar karɓuwa ce, ba kowa ke samu ba. Sauran suka fara girgiza nasu don su ma su samu, da ƙyar na tsayar da su.

Ba mu yi nisa ba wani abu ya sauko a kaina. Kwando ne da igiya, irin wanda mata ke zurowa daga baranda a sa musu burodi. Na ɗaga kai, sai ga fuskar Donna Sisina tsakanin shanya. A duk Pedamentina babu abin da ke wucewa bai biya ta ƙarƙashin idonta ba.

"Aniello, ba tumatirin Brigida ba ne wannan? Wanda aka ce kai kaɗai za ka hawo da shi?"

"Ina kwana, Donna Sisina. Yaya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan. Waya ma tana nan kusa da ni, da lambar Brigida a ciki."

"Haba uwata, me ya yi zafi?"

"Babu. Tukunyar gas ce a ƙofata, ta ƙanwata ce da ke can sama. Tun makon jiya take jiran namiji."

Na juya wurin Bozena na ce na manta da doka ta biyu. Duk abin da mutanen unguwa suka ajiye a gaban masu hawa, girmamawa ce, ba a ƙi. Ta fassara. Halina ta yi murmushi irin na wadda aka ƙara wa nama, ta juya baya aka ɗaure mata tukunyar gas da bel.

Kuskurena ɗaya, da ƙarfi na faɗi dokar, kuma wata mai shanya a bene na gaba tana jin Italiyanci. Labari ya bi baranda-baranda ya riga mu hawa. Kowace kwana muka sha, sai mu tarar da kaya a tsakar hanya da mai shi a tsaye yana murmushi. Buhun fulawa. Keken ɗinki. Katifa. Tukunyar fure da ta kai yaro tsawo. Matan suna karɓa suna godiya, su kai ƙofar da aka nuna, a sauke musu, akwatunan tumatir na nan a kafaɗa ba su taɓa ƙasa ba. Wani tsoho, Don Sabato, ya fito da kujerar roba ya zauna a tsakiyar matakala ya harɗe hannu.

"Baba, ina kayan naka?"

"Ni ne. Gidan ɗan'uwana za a kai ni. Rabona da shi tun da gwiwata ta ƙi."

"Baba, mutum ba kaya ba ne."

"To bari in kira Sisina ta tambayi Brigida ko mutum kaya ne."

Aka ɗauke shi da kujerarsa, mata biyu, hannu ɗai-ɗai. Yana sama yana ɗaga wa mutane hannu kamar mutum-mutumin waliyyin da aka fito da shi daga majami'a ranar biki. Matarsa ta biyo mu da kejin tsuntsu ta ce tsuntsun ba ya rabuwa da shi. Hannun kowa a cike, sai ni. Kada wani ya ce maka ban ɗauki kaya a ranar ba. Kejin nan yana da nauyinsa, tsuntsun kuma ba ya zama wuri ɗaya.

Dabarata tun farko mai sauƙi ce. Akwai wani fili kafin kwanar ƙarshe, inda ba a hango shi daga gidan Donna Brigida. Can zan sa su sauke, in tura su saman dutse su kalli ganuwa, in zuba ruwa a riga, in aika a kira Fortuna ta tarar da ni zaune kan akwatuna ina haki. Daga nan zuwa ƙofa ko da jan ciki ne ma kai su. Abin da dabarar ke bukata kawai shi ne sirri.

Da na waiwaya, sai na ga rabin unguwa a bayanmu. Mata da tsintsiya a hannu, maza da kofin gahawa, wani ya fito da ganga, wani yana sayar da ruwan lemun tsami. Wasu baƙi masu jan wuya da ke saukowa daga sama suka juya suka bi mu suna ɗaukar hoto, ɗaya har yana tambayata ko duk shekara ake yi. Na ce masa duk shekara. Rana kuwa ta riga ta yi zafin da ba a musu.

Muka sauke Don Sabato da tsuntsunsa, muka iso filin. Na juya wurin jama'a na ce biki ya tashi, kowa ya kama gabansa. Babu wanda ya motsa. Mai ganga ma ƙara wuta ya yi.

"Nan ne ƙarshe?" in ji Bozena.

"Nan ne. A nan jaruman farko suka tsaya."

Ta dubi teku shimfiɗe a ƙasa, da dutse mai aman wuta can nesa, da jiragen ruwa, har idonta ya kawo ruwa. Ta ce wannan ya fi duk majami'un. Ta ce in zaro waya daga aljihunta in ɗauke su hoto, amma yadda suka saba, kaya a sama. Suka jeru, suka ja numfashi tare, suka yi wani gurnani, sai ga akwatuna sun tashi sama da kawunansu, hannuwa a miƙe kamar ginshiƙai. Jama'a suka ɗauki tafi. Ni kaina abin ya burge ni, na ji kamar ni na haife su. Na ɗauki hoto, na sake ɗauka, na ɗaga lema na ce, "Shi ke nan. An gama."

Suka saki.

Tare suka saki, su shida, kowace ta ja da baya taku ɗaya, yadda na ga daga baya ashe haka suke yi da ƙarfe. Ƙarar da ta tashi, tattabarun Pedamentina ba su dawo ba sai washegari. Katako ya tarwatse. Tumatirin da ke ƙasa ya zama miya nan take, na sama kuma ya kama matakala da gudu kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Mai ganga ya tsaya da hannu a sama.

Matan suna rungumar juna suna murna.

"Me kuka yi?" Muryata ma ban gane ta ba.

"Mun gama," in ji Bozena. "A wurinmu in kaya ya kai sama aka ce ya yi, saki ake. Mai sauke shi a hankali shi ke kwana a asibiti."

"Wannan ƙarfe ke nan. Tumatir fa?"

"Ba na bikin ba ne? Mun ɗauka don haka aka tanade shi."

Na hango wasu 'yan tumatir ƙalilan da suka tsira suna gangarawa. Na jefar da lema na bi su. Taku na farko lafiya. Na biyu ya sauka kan wani da ya riga ya mutu. Ƙafafuna suka yi sama, na ga teku a inda sama take, bayana ya daki dutse, na bi tumatirin muka gangara tare har sai da ƙafar mai lemun tsami ta tare ni. Wurin da ya ce ƙas da safe ya sake cewa, wannan karon da babbar murya.

Halina ce ta sauko. Ta tsugunna, ta kama hannuna ɗaya da ƙafa ɗaya, sai na ji ni a gicciye a wuyanta kamar ɗan akuyan da za a kai kasuwa. Bozena ta tambayi jama'a ina ne gidana, a kai ni. Da a ce unguwar nan tana da imani da sun nuna ƙasa. Hannaye suka tashi gaba ɗaya suka nuna sama.

"Gidan Donna Brigida."

Tana ƙofa, hannu a ƙugu, ƙarar ta riga ta fito da ita. Fortuna na bayanta da ludayi. Halina ta sauke ni a gabansu, ni kam a hankali, Allah ya saka mata. Ina ja tun daga gashi har takalmi.

Donna Brigida ta dube ni, ta dubi matan. "Me kuka kawo min?"

Bozena ta matso da ladabi, ta gaishe ta, ta yi mata godiya a madadin ƙungiya saboda damar shiga Hawan Jajaye. Ta kawo sarakuna, ta kawo Turkawa, ta kawo sojojin da ke jin yunwa a ganuwa. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"'Yata, a ɗakin can aka haife ni. Baturken da na sani ɗaya ne, yana gyaran takalmi a unguwar Montesanto. Tumatirin da kuka ɗauko nawa ne, miyar gidan nan ce ta shekara guda. Wannan da ke kwance shi ya ce zai hawo da shi shi kaɗai, in ba shi 'yata."

Bozena ta fassara. Kawuna shida suka juyo wurina a hankali. Na taɓa ganin karen mahauci ya kalli mutum haka.

"Donna Brigida," na ce daga ƙasa, "in aka bi magana a tsanake, tumatirin ya iso unguwa."

"Ya iso. Har ya juya, yanzu haka ya kusa kasuwa."

"Kuma aiki ai tsari ne. Wani da hannu yake yi, wani da kai."

"Na ga kan. Akwai 'ya'yan tumatir a cikin kunnensa."

Jama'a suka kwashe da dariya, har da Don Sabato daga tagar ɗan'uwansa. Bozena ba ta yi dariya ba. Ta ce wa tsohuwar su suka fasa, su za su kawo wani, yanzu. Fortuna ta miƙa wa uwarta ludayi, ta kwance ƙyallen girkin da ke ƙugunta ta ce, "Bari in raka su, kada a sake nuna musu bangon Romawa." Ta tsallake ni ta wuce.

Da suka dawo ina nan inda aka ajiye ni, an dai tura min kwali a ƙarƙashi. Matan suna tafe a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. A gabansu Fortuna ce, akwati biyu a kafaɗa, tana hira. Bozena tana ta zagaya ta tana duba bayanta, tana tambayar wa ya horar da ita, a wace ƙungiya take.

"Wace ƙungiya? Tun ina 'yar ƙarama nake hawo da ruwa da gas a matakalar nan. Ba wanda ya taɓa ce min wasa ne."

Ranar an dafa tumatir yadda ba a taɓa yi ba a gidan. Halina ta kama injin niƙa na hannu, sai da aka roƙe ta ta rage gudu. Duron da ake tafasa kwalabe a ciki, wanda maza huɗu ke ɗora shi a wuta suna zagin juna, Jadwiga da wata suka ɗora shi suna hira. Ni kuma aka turo min kwano cike da ganyen ɗoɗɗoya, aka ce in dinga jefa ɗaya a kowace kwalba, aikin da aka saba ba wanda bai fara makaranta ba. Na yi shi da ƙwarewa. Har yau ana maganar ƙamshin miyar shekarar.

Da yamma aka shimfiɗa tebur a saman gida, taliya da sabuwar miya. Baƙi shida suka zauna, ɗaya a kujerar marigayi ma. Ni ina bakin ƙofa a kan kwalina, ƙamshi na zuwa yana wucewa. Donna Brigida ta leƙo.

"Ka ci abinci?"

Na san inda tambayar ta nufa, sai na gyara kwanciya.

"Magana ɗaya na yi jiya," in ji ta, "kuma kowa ya ga yadda ta ƙare. In bayanka ya saki, ka san hanyar sauka."

Fortuna ta ajiye cokali. "Mama, ni fa shi zan aura."

"Wannan? Akwati ɗaya bai iya ɗagawa ba."

"Akwati ni ma na iya, kin gani yau. Amma ki nemo min wani a Napoli da zai sa baƙi shida su kai wa Donna Sisina gas, su kai Don Sabato wurin ɗan'uwansa, suna yi suna godiya. Bakin nan in aka samu mai riƙe masa linzami, ba za mu kwana da yunwa ba."

Bozena ta fassara wa sauran. Halina ta yi tunani, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ci.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan ta ce, "A teburina dai ba zai zauna ba. A tsaye zai ci har tumatirin baɗi. Tunda kuma kin ce kaya ba ya ba ki tsoro, ga na farko nan a ƙofa. Kai shi gidan uwarsa, yana tare min hanya."

Bozena ta tashi ta nuna mata yadda ake yi: a tsugunna, baya a miƙe, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, a tashi da cinya. Sau ɗaya aka nuna mata. Sai ga ni a wuyan Fortuna, muna sauka Pedamentina da sauran hasken rana, kowace baranda cike da mutane. Donna Sisina har da zuro kwando ta ce ko in saka mutuncina a ciki ta ajiye min.

Na ga dama ta samu, na gyara murya don in sanar da jama'a cewa wannan ma tsohuwar al'ada ce, tun zamanin sarakuna haka ake kai ango.

"Aniello," in ji Fortuna, ba ta ko rage tafiya ba. "Ka ga yadda suke yi da kaya in sun gama da shi. Kalma ɗaya."

Na leƙa ƙasa, na ga duwatsun da sauran ja a jikinsu. Tun daga nan har ƙofar gidanmu ban ce uffan ba. Ka tambayi duk wanda ka ga dama a Pignasecca, za su gaya maka ba a taɓa yin ango mai nutsuwa irina ba.